A Gyara Yadda Kwamfuta Ke Tashi

Ya kai mai shagon buga takardu a Haɗeja, da kai ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic, ku sani kowace kwamfuta tana da tsarin tashi da aka ɗora ta a kai tun daga kamfani, kuma shi za ta riƙa bi har ranar da mai ita ya canza shi. Tun daga Windows 8, wadda Microsoft ya fitar a 2012, aka shigo da Fast Startup, wato tashin gaggawa, kuma yawanci a kunne yake zuwa cikin Windows 10 da 11. Idan ka ba ta umarnin kashewa, manhajojinka kawai take rufewa. Ƙashin bayan tsarin kuwa, tare da ƙananan manhajojin da ke sarrafa firinta da sauran kayan haɗi, sai ta kwashe su yadda suke, ta adana cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys. Da safe ɗumamen tuwon jiya take kawo maka. Mu dai a ganinmu, a kwamfutar aiki gara a kashe wannan tsari.

Dalili kuwa, duk matsalar da ta shiga jiya tana iya kwana, ta tashi tare da ita yau. Firintar da ta ƙi amsawa da yamma sai ta sake ƙi da safe, ga ɗalibai a tsaye suna jiran takardun JAMB, mai shago yana rantsuwa ai ya kashe ya kunna. Gaskiyarsa, amma na'urar ba ta mutu ba. Mai shakka ya buɗe Task Manager ya duba tsawon lokacin da ta yi tana aiki, zai iya tarar da kwanaki da dama, alhali kullum yana kashewa. Wasu gyare-gyaren da Microsoft ke aikowa ma ba sa kammaluwa sai an yi cikakken tashi. Abin da ya fi haɗari shi ne taɓa faifan ajiya yana cikin wannan hali. Idan mai gyara ya zare shi ya jona a wata na'ura ya yi rubutu a kai, ko wanda ya haɗa Windows da Linux ya shiga ta ɗaya ɓangaren, fayiloli na iya lalacewa. Shi ya sa Linux ke ƙin yin rubutu a irin wannan faifan.

Wani zai ce, a garin da wutar KEDCO ba ta da tabbas, fetur ɗin janareto kuma ya yi tsada, wa ke da lokacin jiran kwamfuta? Maganarsa abin dubawa ce, musamman ga tsofaffin na'urori 'yan gwanjo masu faifai mai juyawa, irin waɗanda ake sarowa daga Kano, don su kam suna jin bambancin. To amma jiran nan sau ɗaya ne da safe, ƙin firinta kuwa yana iya cinye rabin wuni. Mai faifan SSD ma da ƙyar zai lura da wani jinkiri.

Gyaran ba wuya. A shiga Control Panel, a zaɓi Power Options, a buɗe wurin da ke tsara aikin maɓallin kunnawa, a danna layin da ke ba da izinin canji, a cire alamar da ke gaban tashin gaggawa, sannan a adana. Wanda kwamfutar ofis ce a hannunsa, ba shi da izinin taɓa saiti, sai ya danne Shift lokacin da yake kashewa, ko ya zaɓi Restart, domin shi daga tushe yake tayar da ita.