Yadda Aka Samo Mai Lamba 61

Akwai waɗansu ƙarafa guda 17 da masana ke kira ƙasa mai wuyar samu. Labarinsu ya faro daga wani baƙin dutse da aka tsinta a ƙauyen Ytterby, ƙasar Suwidin, cikin 1787. Sun yi kama da juna ƙwarai, har aka shekara fiye da 100 ana fama da rarrabe su.

Cikin 1913 da 1914 wani saurayi Bature na Ingila, Henry Moseley, ya nuna kowane sinadari yana da lambarsa, kamar yara cikin rajista. Neodimiyam ya amsa 60, samariyam ya amsa 62, amma da aka kira 61 sai shiru. Masana suka duƙufa nema. Cikin 1926 waɗansu a Amurka suka ce sun gan shi, waɗansu a Italiya su ma suka ce haka. Da aka bincika, duka babu.

To, me ya ɓoye shi? Amsar tana wajen abin da Frederick Soddy ya raɗa wa suna aisotof cikin 1913. Watau ƙwayoyin zarra na sinadari guda, lambarsu ɗaya, halinsu ɗaya, amma nauyinsu dabam, kamar tagwaye, wani ya fi wani jiki. Francis Aston ya ƙera na'urar auna su cikin 1919. Neodimiyam yana da irin waɗannan guda 7 cikin duwatsu. Shi kuwa mai lamba 61 ba shi da ko ɗaya mai zama daram. Wanda ya fi daɗewa, mai nauyi 145, kafin shekara 18 rabinsa ya rikiɗe. Duniya kuwa ta yi wajen shekara miliyan 4,500. Ashe abin da ake tonon ƙasa dominsa ya daɗe da ƙarewa, sai ɗan ƙyas da yuraniyam ke haifarwa.

Sai cikin 1945, a Oak Ridge ta Amurka, Marinsky da Glendenin da Coryell suka tace shi daga ɓarɓashin yuraniyam da aka farfasa. Suka sanar cikin 1947. Aka sa masa suna furometiyam, don tunawa da Prometheus wanda tatsuniyar Girkawa ta ce ya sato wa mutane wuta.

Ku da za ku koyar da wannan, ku rubuta 60 da 62 a allo, ku bar fili tsakani. Sa'an nan ku tambayi yara, “Ina mai wurin nan ya tafi?”