BEL ƊIN TAIMIN NA MOTA: YAUSHE YA WAJABA A SAKE SHI?

Mene ne bel ɗin taimin?

A cikin injin motoci da yawa akwai wata ɗamara ta roba mai haƙora, wadda kanikawa ke kira bel ɗin taimin. Ita ce ke haɗa babbar sandar ƙasa mai motsa fistin da sandar sama mai buɗe bawul da rufe su. Duk sa'ad da ta ƙasa ta juya sau biyu, ta sama takan juya sau ɗaya. Muddin wannan lissafi yana daidai, fistin da bawul ba za su taɓa juna ba.

Ba kowace mota ke da wannan bel ba. Peugeot 504 mai fetur, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, sarƙa gare ta, haka nan Toyota Camry mai inji 2.4 daga 2002. Amma Peugeot 406 da yawancin Golf 3 da Honda Accord mai silinda shida duk da bel suke aiki. Saboda haka wajibi ne kowane mai mota ya fara sanin irin wanda motarsa ke da shi.

Haɗarin jinkiri

Idan bel ya tsinke, inji yakan mutu nan take. Sitiyari ya yi nauyi, birki kuma ya yi tauri bayan an taka shi sau ɗaya ko biyu. Wannan babban haɗari ne ga direban da ke ƙoƙarin wuce tirela a kan babbar hanya. Ban da haka, a yawancin injunan zamani fistin kan daki bawul ɗin da suka tsaya a buɗe, ya lanƙwasa su. Gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin sabon bel sau da yawa.

Ma'auni biyu: nisa da shekaru

Masu ƙera motoci sun ƙayyade wa bel wa'adi iri biyu, wato nisan tafiya da yawan shekaru, kuma wanda ya riga cika shi ake bi. Yawanci wa'adin yakan faɗa tsakanin kilomita 60,000 da 160,000, ko shekara 4 zuwa 7. Littafin motar shi ne alƙali. Ga abubuwa uku da ya kamata a lura da su:

1. Roba tana tsufa ko da motar tana ajiye. Motar da ta shekara bakwai ba ta fita sai ranar Juma'a, bel ɗinta ya kai wa'adi.

2. Zafi yana rage wa bel kwana. Kamfanin Honda ya yi umarni cewa inda zafi kan wuce digiri 43, a sake bel a kilomita 100,000 maimakon kusan 168,000. Mazauna Sakkwato da Maiduguri sun san irin zafin watan Afrilu.

3. Agogon motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil yake ƙidaya. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, watau mil 60,000 ya kusa kilomita 100,000.

Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano, ba ta kuwa zo da takardar shaidar ranar da aka sake bel ba, to, ya ɗauka ba a sake ba, ya sake shi.

Alamomin da bakanike zai duba

Idan an buɗe murfin bel, a duba tsagewa a bayansa, da sheƙi kamar an goge shi, da haƙoran da suka cinye ko suka fita, da zare da ke warwarewa a gefe, da jiƙewa da baƙin mai. Ƙara daga gefen murfin, ko inji ya riƙa tuntuɓe, su ma gargaɗi ne. Ganin ko ɗaya daga cikinsu ya isa a ajiye motar sai an gyara.

Amma kada rashin alama ya ruɗi kowa. Ƙarfin bel yana cikin zaren da ke ɓoye a jikin robar, ido kuwa ba ya ganinsa. Sau da yawa bel yakan tsinke alhali jiya an gan shi sumul. Alama tana iya sa a gaggauta sakewa, amma ba ta ƙara wa bel wa'adi.

Lokacin gyara

A sa bel mai inganci daga dillalin da aka sani. A sake shi tare da ƙarfen da ke ɗaure shi da ƙananan tayoyin da yake bi, har da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, domin aikin kwancewa ɗaya ne. A toshe duk inda mai ke yoyo. Daga nan a rubuta kwanan wata da lambar agogo a littafin motar.

Idan kuwa inji ya mutu ana cikin tafiya, aka kuma yi zargin bel ne, kada a yi ta murza makulli ko a tura motar don ta tashi, gama hakan yana ƙara ɓarna. A kauce gefen hanya, a sa alamar gargaɗi, a nemi bakanike.

Mai mota ya duba littafinsa da agogonsa yau. Rigakafi ya fi magani.