Jirgin feshin jan-baki da ruwa a tanki

Tambaya: Malam, ni manomin shinkafa ne a Kaugama. Jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki yana bi ƙasa-ƙasa ta kan gonakinmu, har gabana ya faɗi. Wa ke duba mansa kafin ya tashi?

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, domin jirgin da ke kusa da ƙasa ba shi da sararin gyara kuskure idan inji ya ɗauke. Ɗaya daga cikin manyan abokan gabarsa shi ne ruwa a cikin mai. Da damina iska mai laima tana shiga tankin man da bai cika ba, sanyin dare ya mai da ita raɓa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki, daidai inda inji ke zuƙa. Shi ya sa kafin tashi matuƙi ke tatsar mai daga ƙarƙashin fiffike cikin ɗan kofi mai haske, ya ɗaga ya duba. Man jirgi na Avgas 100LL shuɗi ne, ruwa kuwa ya kan taru a gindin kofin. Sai kuma ya duba robar murfin tanki, wadda zafin Jigawa ke busarwa har ta tsage, da ramin shaƙar iska da zanzaro kan toshe da laka.

A 2023 an samu ruwa a tankin wani babban jirgi a Yola, hukumar NCAA ta ɗauki mataki. Ita ce ke da alhakin sa ido kan jiragen sama a Najeriya.

Ku kuma, ranar feshi ku janye yara da dabbobi daga fadama.