Shawarwari Kan Gam Mai Janye Zafi a Ƙananan Kayan Lantarki

Mai haɗa 'yan na'urori a gida ya san zafi ne ke kashe ayisi da taransisto, shi ya sa ake ɗora musu ƙarfe mai haƙarƙari ya kwashe zafin. Abin da ake shafawa tsakaninsu ne mutane ke yi wa riƙon sakainar kashi.

1. Bambanta maiko da gam. Maikon janye zafi ba ya manne komai, sai an ɗaure da noti ko kilif. Gam ɗin efoksi kuwa, mai ruwa biyu da ake cakuɗawa, in ya kama ya kama ke nan. Ka ce za ka ɓanɓare shi, ayisin na iya tasowa daga allonsa. Muddin akwai hujin noti, ni dai maiko zan zaɓa. Gam na wurin da babu maɗauri ne, kamar ƙwan LED mai ƙarfi.

2. Binciki bayan kayan kafin ka manna, don sau da yawa akwai wuta a jikinsa. Misali, bayan ayisin 7805 nagatif ne, amma na LM317 haɗe yake da ƙafar da wuta ke fita. Ka ɗora su kan ƙarfe ɗaya ba shamaki, wayoyi sun haɗu. Gam mai garin azurfa ma kada ya malalo kan ƙafafu. Mai garin seramik ya fi kwanciyar hankali.

3. Zare soket, ka jira manyan kafasito su sauke wutar da suka tara.

4. Goge fuskokin biyu da sifirit na isofurofil, kashi 90 ko fiye, su bushe. Shafa gam ɗan siriri, domin shi kansa bai kai alminiyam wuce da zafi ba, kaurinsa tare hanya yake yi.

5. Sufa gulu ba na wannan aikin ba ne: zafi na sa ya ƙage ya saki, tururinsa na yajin ido. Silikon mai warin tsami kuma yana cin jan ƙarfe.

6. Sa safar hannu, buɗe taga, kau da yara. Ɗanyen efoksi na jawo ƙaiƙayin fata.

7. Bar gam ɗin ya cika lokacin bushewar da aka rubuta a kwalinsa, sannan ka kunna ka auna zafin. Misali, 'yar kwamfutar Raspberry Pi kan rage gudu da kansa daga digiri 80. Da bazara, sa'ad da Kano ke haura digiri 40, ƙaramin ƙarfe kaɗai ba lallai ya wadatar ba, a ƙara masa 'yar fanka.