DARASIN WANNAN WATA: KADA KA ƘONE KUTUTTURE

'Yan'uwa manoma, bazara ta kawo jiki, kowa yana wasa gatarinsa domin sassabe. Kafin ka sa wuta a gonarka, ina so mu yi magana a kan kututturen da kake sarewa kowace shekara, shi kuma yana sake tohuwa.

Dukanmu mun ga yadda damina ta sake hali. Ruwa yakan makara, ko ya zo ka yi shuka, sa'an nan ya ɗauke har mako uku. A gonar da ba itace, iska takan kwaso rairayi ta binne gero tun yana ganye biyu, sai mutum ya sake shuka sau biyu ko sau uku, iri ya ƙare.

Haka ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar take bayan farin 1973. An yi ta dasa itatuwa, rana da awaki da gara suka cinye yawancinsu. A 1983 wani ma'aikacin Mishan ta SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura da ƙananan tsire-tsiren da ke cikin gonaki. Ashe ba ciyayi ba ne, tohon itatuwan da aka sare ne tun dā, saiwoyinsu kuwa suna nan da rai cikin ƙasa. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba mutane hatsi su kuma su bar toho a gonakinsu. Da aka daina rabon hatsi, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. A can suna kiran wannan aiki sassaben zamani. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta an sami itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da dashe ba.

To, yaya ake yi? Ka zaga gonarka ka duba kututtura masu rai: kalgo, sabara, magarya, aduwa, gawo. A kowane kututture za ka tarar da toho da yawa suna kokawa da juna. Zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka datse rassansu na gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu kawai. In ka aske su duka har sama, iska za ta karya su, akuya kuma ta tanƙwaro kan ta cinye. Adda ta zama mai kaifi, ka yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage. Bayan 'yan watanni ka koma ka cire sabon tohon da ya fito. Dalilin da ya sa wannan ya fi dashe saurin girma shi ne, tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga laima, ba ta jiran kowa ya ba ta ruwa.

Na san abin da wani zai ce: inuwa tana kashe gero, tsuntsaye kuma za su sami masauki. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ake datse rassa, ana kuma farawa da kaɗan, kamar 16 a eka ɗaya. Gawo kuwa ba ruwansa da wannan ƙara. Da damina yake zubar da ganyensa, da rani ya yi kore. Dabbobi sukan kwanta a gindinsa suna cin 'ya'yansa, su bar maka taki. Je ka duba zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ka gwada ta da ta fili. Mata kuma, rassan da ake datsewa sun rage musu tafiyar neman itacen girki.

Inda aikin yakan lalace ba a gona ba ne, a gari ne. Ni kaina na bar kalgo goma sha biyu, na ɗaura musu jan ƙyalle, dare ɗaya aka sare bakwai. Laifina ne, gama ban gaya wa kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka a taronku na wannan wata ku gayyaci mai gari, da maƙwabtanku Musulmi, da arɗon Fulanin da ke kiwo a wurinku, da matan da ke yin itace. Ku shirya tare: wa ke da ikon saran itacen da ke cikin gonar wani, wane reshe makiyayi zai iya sassaɓo wa dabbobinsa, nawa ne tarar wanda ya yi ɓarna. Ku tambayi malamin daji abin da doka ta ce game da itacen da mutum ya rena a gonarsa. Magatakarda ya rubuta sunan kowane manomi da yawan kututturen da ya bari, mu ƙidaya su tare bayan kaka.