Amos Tutuola, mai labarin mashayin bammi

An haifi Amos Tutuola a 1920 a Abeokuta, cikin ƙasar Yarbawa ta Najeriya. Ubansa manomi ne. Shekara shida kaɗai yaron ya yi a makaranta. Da uban ya rasu a 1939, babu mai biya mashi kuɗin karatu, sai ya bari. Ya koyi ƙira. Daga baya ya samu aikin ɗan aike a wani ofishin gwamnati a Legas.

Ɗan aike yakan daɗe zaune bakin ƙofa yana jiran a kira shi. Tutuola bai son zaman banza. Sai ya ɗauki takarda da alƙalami, ya shiga rubuta irin tatsuniyoyin da ya ji wurin tsofaffi, yana ƙara nasa. Da Ingilishi ya rubuta, amma Ingilishin wanda bai yi nisa da karatu ba. Tunaninsa na Yarbanci ne, kalmomin ne kawai na Turawa.

Labarin na wani mutum ne wanda bai da sana'a sai shan bammi. Wata rana mai zubo mashi bammin ya faɗo daga kan itace ya mutu. Mashayin ya ce sai ya je har garin matattu ya komo da shi. A hanya ya gamu da abubuwan al'ajabi. Akwai wani kyakkyawan saurayi da ya zo kasuwa, wata budurwa ta bi shi. Ashe duk jikinsa na aro ne! Suna tafiya cikin daji yana maida ma masu abu abinsu, nan ƙafa, can hannu, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai.

A 1952 kamfanin Faber and Faber na Landan ya buga littafin da sunan The Palm-Wine Drinkard. Mawaƙi Dylan Thomas ya yabe shi cikin jarida, mutanen Ingila da Amurka suka yi ta saye. A 1953 Raymond Queneau ya juya shi cikin Faransanci, ya sa mashi suna L'Ivrogne dans la brousse.

A gida kuwa ba haka aka karɓe shi ba. Ƴan boko da yawa sun ji kunya. Suka ce Ingilishin a karye yake, Turawa na yabonsa ne don su yi ma baƙar fata dariya. Wasu suka ce labarun ba nasa ba ne, ya kwaso su daga D. O. Fagunwa, wanda ya riga shi rubuta irinsu da Yarbanci tun 1938. Tsoronsu yana da dalili, don lokacin ana neman ƴancin kai, kowa na son a nuna ɗan Afirka ya iya. Amma sun duba kuskuren nahawu, sun mance da labarin. Tatsuniya kuwa ba ta da mai ita, gwanintar tana wurin mai faɗi.

Suna ya tafi duniya, aikin albashi bai bar Tutuola ba. Ya koma gidan rediyo, ya yi shekaru yana tsaron ɗakin ajiyar kaya a Ibadan. Ya ci gaba da rubutu, amma babu littafin da ya kamo na farko. Daga 1967 har 1981 ba a buga mashi sabo ba. Cikin wannan tsakani ne, a 1977, Chinua Achebe ya yi lacca a Ibadan yana nuna hikimar da ke cikin labarin mashayin. Tutuola ya rasu a Ibadan a 1997.

Tambayoyi

1. Mi ya raba Tutuola da makaranta?
2. Don mi wasu ƴan ƙasarsa suka ƙi littafin? Kuna ganin suna da gaskiya?
3. Ku roƙi wata tsohuwa ta gidanku ta yi maku tatsuniya. Ku rubuta ta da Hausa, sannan ku gwada layi biyar da Faransanci. Mi ya ƙi juyuwa?