Dajin Mangurob da Canjin Yanayi: Wa Zai Isar da Bayani?

A gaɓar tekunan ƙasashe masu zafi, inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, akwai wani irin daji da ba a san shi a ƙasar Hausa ba, don haka babu sunansa a harshen. Masana suna kiran itatuwansa mangurob. A cikin taɓo suke tsirowa, kuma a yawancin wurare teku yakan ciko sau biyu a yini ya rufe gindinsu, sannan ya janye. Ƙididdigar da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ta nuna cewa a shekarar 2020 faɗin wannan daji a duniya ya kai kimanin murabba'in kilomita 147,000. Indonesiya ce ke kan gaba, amma a nahiyar Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansa, musamman a yankin Neja Dalta.

Ɗalibin ilmin halittu zai yi tambaya: ta yaya itace ke rayuwa cikin gishiri da taɓon da babu iska? Kowane jinsi da dabararsa. Wanda ake kira Rizofora yana da saiwoyi masu kama da ƙafafu, waɗanda ke fitowa daga jikinsa su kafu a taɓo, kuma suna tace mafi yawan gishirin kafin ruwa ya shige su. Shi kuwa Abiseniya yakan sha ruwan da gishirinsa, daga baya ya fitar da gishirin ta ganye, har a ga farin gari a kansa. Saiwoyinsa sukan ɓullo sama tamkar tsinke don shaƙar iska. Daɗin daɗawa, irin Rizofora yana tsirowa tun yana jikin uwarsa, ya yi tsawo kamar fensir, sa'annan ya faɗo ya cake a taɓo ko ruwa ya tafi da shi.

Rashin iskar oksijin a taɓon nan yana da babban sakamako. Ganye da saiwoyin da suka mutu ba sa ruɓewa da wuri, sai su yi ta taruwa shekara da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2011, a kan dazuzzukan yankin tekun Indiya da Fasifik, ya gano cewa hekta guda tana riƙe da kimanin tan 1,000 na sinadarin kabon, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka sare dajin aka tone taɓon, sai kabon ɗin ya koma sararin sama ya ƙara ɗumamar duniya. Ita ma ɗumamar tana cutar da dajin. Tsakanin 1901 da 2018 ruwan teku ya ƙaru da kusan santimita 20. Dajin yakan tara taɓo ya ɗaga kansa a hankali, amma binciken da aka fitar a 2020 ya nuna cewa da wuya ya iya bin sawun teku idan hauhawar ta wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara.

To, a nan ne matsalar take. Milimita bakwai ba ta kai faɗin farce ba. Idan masani ya tsaya gaban masunta ya faɗi wannan adadi, zai yi wuya wani ya damu. Abin da ke gaban masunci shi ne kifi ya ragu, rijiya ta koma ruwan zartsi, gonar shinkafa ta daina yi. Duk magana guda ce, sai dai kowa da harshensa. Aikin ɗan jarida, da ma'aikacin rediyo, da malamin makaranta, da mai shela shi ne haɗa harsunan biyu.

Abin da ya faru a Senegal ya cancanci a tsaya a kansa. Farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda dattawan ƙasar Hausa ba su manta da shi ba, ya kai har bakin teku. Da ruwan sama ya yi ƙaranci, kogin Kazamans ya daina samun isasshen ruwan daɗi, ruwan teku ya kutsa ciki, rana kuma ta yi ta ƙafar da shi. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri giram 35, amma a wasu sassan kogin ya ninka haka fiye da sau uku. Dajin ya mutu a wurare da dama, saran itace da hanyoyin mota da suka tare magudanar ruwa suka ƙarasa shi. Masana sun auna duk wannan sun rubuta da Faransanci, a mujallun da mutanen ƙauye ba su taɓa gani ba.

Wanda ya kai maganar ƙauyuka shi ne Haidar El Ali, gwanin ninƙaya a ƙarƙashin teku, shugaban wata ƙungiya mai suna Oceanium a Dakar. Dabararsa ita ce majigi. Ana shiga ƙauye da mota, a kafa farin ƙyalle da dare, a nuna wa jama'a hoton mutane irinsu suna dashen itace, daga nan a buɗe muhawara da harshen gari. A 2006 mutanen ƙauyen Tobor suka dasa iri kimanin 65,000. Cikin 'yan shekaru ɗaruruwan ƙauyuka suka shiga, adadin ya kai miliyoyi masu yawa. A 2012 aka naɗa Haidar ministan muhalli na ƙasar.

Sai dai tara jama'a daban, rayuwar dashe daban. An fi son Rizofora a ayyukan gayya saboda sauƙin dasa shi, yaro ma zai iya cake irin a taɓo. Amma kowane jinsi yana da iyakar zurfin ruwa da yawan gishirin da zai jure. A ƙasar Filifin, inda aka kashe kuɗi masu yawa a kan dashe, nazarin da aka yi a 2008 ya nuna cewa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai suka rayu, domin an dasa Rizofora a fili mai zurfin ruwa da igiya mai ƙarfi, inda ba mazauninsa ba. A Siri Lanka, daga cikin wurare 23 da aka duba bayan dashen da ya biyo bayan ambaliyar tsunami ta 2004, tara babu ko itace guda da ya rayu. Jaridu sukan buga yawan abin da aka dasa ranar biki. Da wuya a ga wakilinsu ya koma bayan shekara uku ya ƙirga abin da ya saura. Masana a yau sun fi ba da shawarar a fara gyara hanyar shigar ruwa da fitarsa, domin sau da yawa irin yakan zo da kansa.

A Bangaladash kuwa, inda dajin Sundarban yake, darasin ya zo ta ɗaya ɓangaren. Guguwar 1970 ta hallaka aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kuma kimanin 138,000. A 1991 masu hasashen yanayi sun ga guguwar tun tana tafe, an kuma yi gargaɗi, amma jama'a da yawa ba su tashi ba. Mafaka ta yi kaɗan, wasu suna tsoron barin dukiyarsu, sannan lambobin gargaɗin tun asali an tsara su ne don tashoshin jiragen ruwa, ba don manomi ba. Shirin 'yan sa-kai da aka kafa a 1972 ya ci gaba da bunƙasa har ya tara dubun dubatar maza da mata, masu yawo da keke da lasifika da tutoci, suna fassara sanarwar rediyo gida-gida. Da guguwar Sidir ta 2007 ta zo, mutanen da gwamnati ta ƙirga sun mutu ba su kai 4,000 ba. Dajin Sundarban ma ya tare wani ɓangare na ƙarfinta.

Misalin da ya fi kusa da haɗa komai yana ƙauyen Gazi, a kudancin gaɓar Kenya. A can masana daga cibiyar binciken teku da kifi ta ƙasar, da na wata jami'a a Edinbara, suka zauna da mutanen gari suka kafa shirin Mikoko Pamoja, wato "mangurob tare" da Suwahili, wanda ya soma aiki sosai a 2013. Jama'a suna kare hekta 117 na daji, su da kansu suke auna kaurin itatuwa, ana sayar da shaidar kabon da dajin ya riƙe, kuɗin kuma taron gari ne ke yanke inda za su. An ja ruwan sha da su, an sayi littattafan makaranta. Kabon abu ne da ido ba ya gani, amma famfo kowa yana ganinsa.

A Neja Dalta abin ya fi rikitarwa, domin bayan hauhawar teku akwai malalar ɗanyen mai, da saran itacen ƙyafe kifi, da wani kwakwan ruwa mai suna nifa da aka shigo da shi Kalaba a 1906, wanda yanzu yake mamaye gurbin mangurob. Mai ba da labari da ya ɗora duk laifin a kan canjin yanayi ya ɓatar da masu sauraronsa, kuma masani ne kaɗai zai taimaka masa ya rarrabe musabbabi.

Malamin da ke nesa da teku yana iya nuna tushen maganar a aji. A samo gwangwani uku a shuka wake. Bayan ya tsiro, a riƙa ba na farko ruwan rijiya, na biyu ruwan da aka zuba wa gishiri giram 10 a lita, na uku giram 35, wato daidai da teku. Ɗalibai su riƙa auna tsawo da launin ganye har mako biyu. Daga nan kowane ɗalibi ya rubuta sakamakon sau biyu: sau ɗaya da alƙaluma kamar rahoton bincike, sau ɗaya kuma a matsayin sanarwar minti guda da za a karanta wa manoma a rediyo. Ranar 26 ga Yuli, wadda hukumar UNESCO ta keɓe tun 2015 don dajin mangurob, ta dace da karanta sanarwowin a taron makaranta.